Karen Gadi a Kano: Alseshan, Rotwaila, Bowabul, Kokeshiyan ko Karen Gida?

Duk wanda ya je sayen kwikwiyo a Kano, tambayar da ke fara fitowa daga bakinsa ita ce, "Yana da zafi?" Mai sayarwa kuma ya san abin da ake son ji, sai ya ce, "Ranka ya daɗe, uban wannan ko ni da nake ba shi abinci sai na yi dabara nake shiga wurinsa." Nan take ciniki ya faɗa. A ganina wannan amsar ce ya kamata ta sa mai saye ya mayar da kuɗinsa aljihu. Karen da mai ciyar da shi yake tsoro ba zai bambance ɓarawo da ɗan maƙwabcin da ya shigo ɗaukar ƙwallo ba, a gidajenmu kuwa ɗan maƙwabci ya fi ɓarawo yawan shigowa nesa ba kusa ba.

Buƙatar kare dai gaskiya ce. Wanda ya yi gini a sabuwar unguwa ta bayan gari, inda tsakaninsa da maƙwabci akwai kango uku ko huɗu, da mai gidan gona a hanyar Gwarzo ko ta Wudil, da mai sito a Sharaɗa ko Bompai, duk sun san amfanin abin da zai farka kafin maigadi ya farka. Ta fuskar addini, hadisin da ya yi gargaɗi a kan ajiye kare ya keɓe na farauta da na kiwo da na gona, malamai da dama kuma sun yi ƙiyasin gadin gida a kansu idan akwai larura. Ana ruwaito cewa mai Risala, Ibn Abi Zaid Alƙairawani, ya ajiye kare lokacin da katangar gidansa ta faɗi, da aka tuna masa cewa Imamu Malik ya karhanta hakan sai ya ce da Malik ya riski zamaninsu, da zaki ma zai ajiye. Mai shakka ya zauna da malaminsa. Ni abin da ya dame ni shi ne abin da ke biyo baya: an yanke shawarar ajiyewa, to wane iri?

Masana sun daɗe suna neman sanin ko faɗa a jinin kare yake. A 2008 masu bincike a Jami'ar Pennsylvania ta Amurka sun tattara bayanai daga masu karnuka iri fiye da 30, sakamakon kuma ya ba mutane mamaki. Cikin waɗanda suka fi kai wa mutum cizo, baƙo ne ko ɗan gida, akwai ƙananan karnuka irin Dakshun da Ciwawa da Jak Rasel, waɗanda da hannu ɗaya za ka ɗauke su. Fitbul da Akita sun yi fice ne wajen faɗa da 'yan uwansu karnuka. A 2022 mujallar Science ta buga wani bincike da ya haɗa bayanan karnuka sama da 18,000 da gwajin ƙwayoyin halittar sama da 2,000, aka gano cewa irin kare kusan kashi 9 cikin 100 kawai yake bayyanawa na bambancin hali tsakanin wannan kare da wancan. Saurin harzuƙa ma yana cikin halayen da iri bai cika nunawa ba.

Da a nan za a tsaya, sai mutum ya ce ashe duk ɗaya ne. Ina! Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta duba mutanen da karnuka suka kashe a ƙasar daga 1979 zuwa 1998. A cikin mutum 238 da aka san irin karen da ya yi kisan, fiye da rabi Fitbul da Rotwaila ne suka kashe su. Lissafin biyu ba su ci karo ba. Ƙaramin kare yana iya yin cizo sau goma, a wanke, a je asibiti a dawo gida. Mai kilo 50 sau ɗaya ya isa ya sa a yi zaman makoki. Irin kare ba zai faɗa maka ko naka zai ciji mutum ba. Abin da zai faɗa maka shi ne girman ɓarnar ranar da ya yi cizon, da aikin da aka ƙirƙiro shi dominsa, da ko jikinsa zai ɗauki zafin Kano. Da waɗannan nake auna su.

Shi faɗan ma kala-kala ne. Akwai mai tsaron iyaka, wanda ke tashi idan baƙo ya matso ƙofa, ya kwanta idan maigida ya ce ya isa. Wannan shi ake nema. Akwai mai kishin kwanon abincinsa, wanda yaran gida ne suka fi shiga hannunsa. Akwai mai jinin farauta, da ya ga abu yana gudu sai ya bi, kaza ce ko akuya ko yaro, kuma shi ba ya ko haushi. Sai kuma matsoraci, wanda mutane suka fi ɗauka a matsayin jarumi saboda yawan gurnaninsa. Wani bincike na Jami'ar Helsinki a 2021 a kan karnuka sama da 9,000 ya nuna cewa tsoro yana kan gaba cikin abubuwan da ke sa kare faɗa da mutane, tare da tsufa, da kasancewarsa namiji, da kasancewar mai shi bai taɓa riƙon kare ba. Mafi yawan karnukan da ake yi wa kirari da zafi a unguwanninmu, in ka lura da kyau, a firgice suke.

Alseshan shi ne karen Turawan da Kanawa suka fi sani. Asalinsa Jamus, inda wani tsohon hafsan sojan doki, Max von Stephanitz, ya kafa ƙungiyar masu kiwonsa a 1899. Karen kiwon tumaki ne, kuma wannan asalin shi ne babban alherinsa: an zaɓo shi ne don ya riƙa kallon mutum yana jiran umarni. Namiji yakan kai kilo 30 zuwa 40. Yana da saurin koyo, yana haushi da ƙarfi idan ya ji motsi, yana da taka-tsantsan da baƙo, amma in an rene shi cikin mutane yakan gane cewa wanda maigida ya yi wa maraba ba abokin gaba ba ne. Cikin manyan karnuka, shi ne wanda zan iya ba magidanci shawarar ya ɗauka a karon farko, da sharaɗi.

Sharaɗin shi ne a duba iyayensa. Yawan neman da ake yi masa ya sa kowa ya zama mai kiwo, ana barbarar uwa da ɗa, wa da ƙanwa, ba ruwan kowa da hali muddin kunne ya miƙe, baya ya yi baƙi. A irin wannan kiwon ake samun Alseshan mai firgita, wanda faɗuwar kwano ke sa shi zabura, irin wanda kuma ke cizo ta baya. Yana kuma da gadon ciwon ƙugu. Za ka ga kare ɗan shekara biyu yana jan ƙafafun baya, kuma ciwo yana sa mai haƙuri ma ya zama mafaɗaci. Gashinsa ninki biyu ne, yana shan wuya a bazara, amma da inuwa da ruwa yana jurewa, musamman mai gajeren gashi. Mai dogon gashin nan da ake so don kyau, shi ya fi wahala da zafi da kaska.

Ɗan uwansa na Beljiyam, Malinwa, wanda sojoji da 'yan sandan ƙasashe da yawa ke aiki da shi, ya fara shigowa saboda bidiyon da ake gani a intanet yana haura katanga. Ya fi Alseshan sauƙin jiki da jure zafi, amma kare ne da ke son aiki na sa'o'i kullum. In ba a ba shi ba, zai nemo wa kansa: tayar mota, tiyon ruwa, shanyar uwargida, hannun yaro. Wanda ke fita Kantin Kwari tun safe sai magariba, ba nasa ba ne.

Rotwaila da Bowabul kuwa, su ne ake yawan rasa wanda za a zaɓa a tsakaninsu. Rotwaila daga garin Rottweil na Jamus yake, karen mahauta ne, yana kora shanu zuwa kasuwa, yana jan amalanken nama. Namiji yakan kai kilo 50. Ba shi da yawan haushi. Yakan tsaya ne ya zuba wa baƙo ido, ya auna shi, kuma wannan shirun ne ke yaudarar mutane su matso. Yana karɓar horo sosai, kusan kamar Alseshan, yana kuma shaƙuwa da mai shi ƙwarai. Matsalarsa tana fitowa ne lokacin da ya balaga, tsakanin shekara ɗaya zuwa biyu, sa'ad da namijin ke fara gwada wanda zai bi da wanda ba zai bi ba a cikin gida. Gidan da maigida kaɗai yake jin maganarsa, maigidan kuma matafiyi ne, an bar iyali da abin da ya fi ƙarfinsu. Baƙin gashinsa yana zuƙar rana, sannan kwikwiyonsa yana cikin waɗanda cutar fabo, mai sa amai da gudawar jini, ta fi kamawa da tsanani.

Bowabul ɗan Afirka ta Kudu ne, karen gonakin Turawan da suka zauna a can. Ta fuskar yanayi ya fi Rotwaila dacewa da mu, don gashinsa gajere ne kuma yawanci launin ƙasa ne. Amma ya fi shi girma, namiji yana wuce kilo 60, wasu har 80. Da iyalin gidan yakan zama mai sanyi da haƙuri, har ka gan shi kwance yara na zagaye shi. Da baƙo ne lamarin ke canzawa, domin an gina shi ne ya tsare gona ba tare da jiran umarnin kowa ba. Ƙasar Denmak ta saka shi cikin jerin karnukan da ta haramta a 2010, tare da Fitbul da Kokeshiyan. In aka tilasta mini zaɓi tsakanin biyun, ga wanda zai zauna ya yi horo da kansa Rotwaila ya fi sauƙin juyawa, ga gidan gona mai faɗi da katanga mai tsawo kuma Bowabul ya fi. Sai dai a tambayi kai tukuna: in wannan karen ya fizge, wa zai iya riƙe shi a gidan nan? In amsar ita ce maigadi tsoho da uwargida da yara, to ba ɗaya daga cikinsu da ya dace.

Wanda na fi tausaya wa a garin nan shi ne Kokeshiyan. Daga duwatsun Kokesas ya fito, yankin Jojiya da Armeniya da Azarbaijan da kudancin Rasha, inda aikinsa shi ne kwana da garken tumaki cikin dusar ƙanƙara yana korar kyarkeci. Girmansa da gezarsa ne suka sa ya zama abin ado a Nijeriya, mai kuɗi yana son a ce yana da shi. To amma Kano a watan Afrilu zafi yana haura digiri 40, kare kuma ba ya gumi kamar mutum, da haki yake sanyaya jikinsa. Je ka ga Kokeshiyan da azahar a cikin keji mai rufin kwano: ya baje a kan siminti, harshe ya zazzago har ƙasa, yawu na dalala, haƙarƙari na sama da ƙasa ba tsayawa, ruwan da ke kwanonsa ma ya ɗau zafi. Kamar a lulluɓe mutum da bargo biyu ne a ɗakin kwano a ce ya yini. In zafin jikin kare ya wuce digiri 41, yana iya mutuwa cikin ɗan lokaci. Aske shi ƙwal da wasu ke yi ba ya magance komai, fatar ce ma ke ƙonewa. Sai kaska, wadda ke ɓuya a ƙarƙashin gashin har ta sa masa zazzaɓin da ke shanye jini kafin a ankara.

Ko da an magance zafi da na'urar sanyaya ɗaki, saura hali. Karen da aka zaɓo shekaru aru-aru don ya yanke hukunci shi kaɗai a bayan dutse, ba ya jiran a ce masa zauna. Yana da taurin kai, ba ya son baƙo, kuma kwikwiyon da ya yi kama da ɗan tunkiya a wata biyu yana zama abin da ya fi kilo 50 kafin a farga. Ban ga gidan iyali a cikin birnin Kano da zan ce Kokeshiyan ya dace da shi ba.

Batun Fitbul yana son adalci. Kakanninsa a Ingila aka haɗa su don faɗa da bijimai, da aka hana wannan wasan a 1835 sai aka koma haɗa su faɗa da juna. Shi ya sa faɗansa ya fi karkata ga dabbobi, da mutane kuwa da yawansu masu wasa ne da son a shafa su, har ma ba su cika yin gadin kirki ba. Haɗarinsa a yadda yake cizo yake: in ya kama yakan riƙe ya girgiza, duka kuma ba ya sa shi saki. Birtaniya ta hana mallakarsa ba tare da izini na musamman ba tun 1991. A Kano, inda kusan kowane gida akwai kaji ko akuya ko ragon layya a ɗaure, kuma mafi yawan masu nemansa samari ne da ke son a ji tsoronsu a layi, ba na ganin dalilin kawo shi. Gadi kaɗan, rigima da maƙwabta da yawa.

Ƙananan nan masu gashi, Lasa da wanda ake kira Eskimo, ana raina su. Lasa a Tibet aikinsa ke nan, ya zauna cikin gida ya yi haushi in ya ji baƙo. Kunnensa ya fi na maigadi. Amma yana da saurin fushi da yara masu ja masa gashi, yana son wanka da taza kullum, kuma karen cikin ɗaki ne, abin da yawancin gidajen Musulmi ba za su karɓa ba.

Saura namu na gida, wanda ba a ma sa shi cikin lissafi. Siriri ne, mai gajeren gashi, ja ko fari ko mai roɗi-roɗi, da wuya ya wuce kilo 20 zuwa 25. Shi ne mafarauta ke fita daji da shi, shi ne ke kwana da shanu a rugar Fulani. Can arewa da mu, Buzaye suna da ɗan uwansa mai dogayen ƙafafu, Azawak, wanda ya samo suna daga kwarin Azawak da ke tsakanin Nijar da Mali, Turawa kuma yau suna kiwonsa suna ji da shi. Karen gida ya san bazara, ya san hunturu, ya fi na waje jure cututtukan kaska, yana rayuwa da tuwo da ɗan romo da tarkacen nama daga kwata, ba sai buhun abincin kanti ba. Kunnensa da hancinsa ba su gaza na kowa ba. Ƙarfe biyun dare in wani ya dafa katanga, zai tayar da layin gaba ɗaya.

Ɓarawon da ke haura gida kuwa abin da ya fi tsoro ke nan, a tashi. Wanda ya zo da makami da shirin kisa, kare ko wane iri ne ba zai tsayar da shi ba, guntun nama mai guba ya ishe shi, babban kare mai haɗama ma ya fi saurin ɗauka. Abin da kare ke ba ka shi ne 'yan mintunan da za ka farka, ka kunna fitila, ka buga wa maƙwabta da 'yan sintiri waya. Wannan aikin karen gida yana yin sa daidai da mai kilo 70, kuma ranar da ya yi kuskure, raunin da zai yi bai kai na wancan ba.

Yana da nasa aibun. Yana son yawo, in ya samu kafa zai fice ya haɗu da na bola ya kwaso cuta. Yana bin kaji in ba a hana shi tun yana ƙarami ba. Bai kai Alseshan karɓar umarni mai yawa ba, kuma ganinsa ba ya razana mutum. Sannan da yawansu matsorata ne, amma wannan tsoron mu muka koya musu, domin kwikwiyon da ya buɗe ido ya ga yara na jifansa da dutse ba zai yarda da ɗan Adam ba. Wanda aka ɗauko tun yana wata biyu, aka yi masa allura, aka ciyar da shi, ba a dake shi ba, wani kare ne daban. Ruwa-biyu tsakaninsa da Alseshan ma yakan yi kyau, yana ɗauko girma daga can da juriya daga nan, duk da cewa ba a iya sanin halin da zai ɗauko sai ya girma.

Tsarin gidan shi ne alƙali. Gidan cikin gari, irin na Yakasai ko Gwale ko Fagge, mai soro a buɗe, inda almajiri ke zuwa ɗaukar kwano, mai nono ta shigo har tsakar gida, ɗan ga-ruwa ya shigo da jarkoki, yaran maƙwabta kuma ba sa sallama, wannan ba gidan babban kare ba ne ko kaɗan. In dole ne, karen gida mai sanyin hali, a keɓe shi da rana. Gidan da ke da get da fili da katanga, irin na Nasarawa ko Hotoro ko Rijiyar Zaki, wanda ba a shiga sai an ƙwanƙwasa, zai ɗauki Alseshan ko ruwa-biyu. Rotwaila da Bowabul sai masana'anta ko gidan gona, inda akwai mutum tsayayye da aikinsa ke nan, wanda ba za a sallama bayan wata uku a kawo baƙo ba. A tuna kuma cewa bikin aure ko suna yana cika gida da mata da yara a yini ɗaya, dole a samu wurin da za a rufe kare da kwaɗo, ba sakata kawai ba.

Duk wanda aka zaɓa, riƙon da aka yi masa shi ne zai fitar da halinsa. Akwai al'adar da ta zama ruwan dare, ta kulle kwikwiyo a keji mai duhu kada ya ga kowa, wai don ya yi zafi, wasu har da duka da horon yunwa. Abin da ake samu a ƙarshe kare ne da ke tsoron kowa, har da 'ya'yan mai shi. Kwikwiyo yana koyon wane ne nasa tsakanin mako 3 zuwa kusan 14 da haihuwa. A wannan ɗan lokacin ya kamata ya ga mata da mayafi, maza da babbar riga, yara masu gudu, akuya, babur, ƙarar janareta, duk cikin kwanciyar hankali. Wannan ba ya rage masa gadi, yana koya masa ne abin da aka saba da shi don ya gane wanda ba a saba ba. Sarƙa ma haka take. Wani bincike da aka yi a birnin Denver na Amurka, aka buga a 1994, ya nuna cewa karen da ake ɗaurewa ya fi wanda ba a ɗaurewa yiwuwar cizo kusan sau uku. Dabbar da ba ta da hanyar gudu, haƙori kaɗai ya rage mata. Fili mai shinge da inuwa ya fi sarƙa, ko da ƙarami ne.

In ka je saye, kada ka yarda a kawo maka kwikwiyo a kwali a bakin titi. Ka ce, "Malam, ina son in ga uwar." Ka tsaya nesa kaɗan ka lura da ita. In ta yi haushi, mai ita ya yi mata magana ta yi shiru, ta matso tana shinshina ka, alama ce mai kyau. In ta maƙale a lungu, wutsiya a tsakanin ƙafafu, tana gurnani, ko tana dukan ƙarfen keji ba ta jin kira, ka yi sallama ka tafi. Su kuma 'ya'yan, ka tsuguna ka tafa hannu sau ɗaya. Wanda ya zabura sannan ya dawo ya duba abin da ya faru, shi ne naka. Wanda ya ɓuya bai sake fitowa ba, da wanda ya danne 'yan uwansa yana hana su kwano, a bar su. Kada a raba kwikwiyo da uwarsa kafin mako 8, domin a wurinta da 'yan uwansa yake koyon sassauta cizo. Ka nemi katin allura mai sa hannun likita, in kuma kana shakka ka kai shi asibitin dabbobi, irin na Gwale ko na Kundila, a duba shi kafin ka gama biya.

Yaran gida su ma suna buƙatar horo. Kare ba ya cizo haka kawai, yana nuna alama: ya kawar da kai, ya lashi leɓe, ya yi hamma ba barci yake ji ba, farin idonsa ya fito, jikinsa ya sandare. Gurnani shi ne gargaɗi na ƙarshe, kuma wanda ke dukan kare don ya yi gurnani yana koya masa ne ya daina gargaɗin ya wuce kai tsaye ga cizo. A koya wa yara kada su taɓa shi yana ci ko yana barci, kada su kusanci karya mai shayarwa, in kuma baƙon kare ya nufo su, su tsaya cak ba gudu ba ihu. Ƙaramin yaro ba a barin sa shi kaɗai da kare, ko da a hannunka aka haifi karen.

Akwai zafin da ba ruwansa da iri ko tarbiyya, wato ciwon haukar kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, mafi yawa a Afirka da Asiya, kusan duka ta hanyar kare, kuma kusan kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamominsa sun bayyana a jikin mutum, kusan babu mai tashi. Allurar rigakafin kare ana fara ta ne yana wata 3, a riƙa maimaitawa duk shekara, kuma cibiyar binciken dabbobi ta ƙasa da ke Vom a Jihar Filato tana yin ta a nan gida. Kafin ita akwai allurar fabo da sauran cututtukan ƙuruciya, daga mako 6 zuwa 8. Karen da ya canza hali farat ɗaya, mai sanyi ya koma cizon duk abin da ya gani, ko mai kuzari ya yi laƙwas yana dalalar da yawu, a rufe shi a kira likita, kada a sa masa hannu a baki.

In kare ya ciji mutum ko ya yakushe shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na tsawon minti 15, kada a barbaɗa gari, kada a ɗaure, a tafi asibiti a ranar a nemi allurar rigakafi. Karen kuma in an san shi, kada a yi gaggawar kashe shi. A killace shi kwana 10 ƙarƙashin kulawar likitan dabbobi, amma shi wanda aka ciza ba zai jira kwanakin su cika ba kafin ya fara karɓar allurarsa. Mai karen shi zai ɗauki kuɗin magani, ya kuma fito da katin allurar karensa ya nuna wa wanda aka ciza ko iyayensa da likita.